Kujerar Da Na Bar Wa Tela

Ni aka fara yi wa tayin kujerar nan. Wannan nake so a fara sani, don yanzu a Tudun Wada duk wanda ka tambaya zai ce maka an zaɓi Tela ne saboda hankalinsa. Ba haka aka yi ba. Ni na ce ba na so, ni kuma na nuna shi da yatsana.

Ƙungiyarmu ta taimakon unguwa ce. Mun fara ta ba ofis ba hatimi. In an yi rasuwa mu je haƙan kabari, in wani ya kwanta ciwo mu nemi yadda za a kai shi asibiti, in damina ta ƙarato mu yashe kwata. Ni direba ne, na daɗe ina jan bas tsakanin Zariya da Kaduna har bayana ya ce ya gaji. Tela kuwa tare muka taso, layinmu ɗaya, tare muka bar firamare ba mu gama ba. Shi aka kai shi koyon ɗinki, ni na bi mota. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, kowa Tela yake ce masa, ni kuma Direba.

Ana nan sai wani Alhaji ɗan kasuwa ya ce zai ba ƙungiya tsohuwar bas ɗinsa, a cire kujerun baya, a riƙa ɗaukar marasa lafiya da gawa. Amma ya ce ba zai ba mutum ɗaya ba, sai mun yi rajista. Muka nemo lauya. Lauya ya ce rajista ba ta yiwuwa sai da kwamitin amintattu, su ne za a rubuta motar a hannunsu, su ne kuma za su riƙa duba yadda ake tafiyar da aiki. Aka samo manya. Akwai wani tsohon ma'aikacin gwamnati mazaunin Hanwa, shi aka naɗa shugaba. Akwai Malam da ke koyarwa a Islamiyyarmu, ɗan gidan malamai ne daga cikin birni. Akwai wata Hajiya ta Tudun Jukun da ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. Sai shi Alhaji mai motar, wanda tun daga ranar bai taɓa zuwa zama ba. Aka ce saura mutum ɗaya daga cikinmu mu masu aikin, sai duk aka juyo aka kalle ni.

Lauya ya ɗaga hannu ya ce, "Amma fa tsarin da kuka amince da shi ya ce wanda ya hau kwamiti ba ya riƙe aiki. Ba a duba kai da kai. Malam Direba, ko kujera ko makulli."

Na yi dariya har da buga cinya. Ni a sanina amintattu su ne iyayen ƙungiya da aka canza wa suna. Na san iyayen ƙungiya tun muna samari muna kulob ɗin ƙwallo. Ranar biki a aika musu kati, su zo da babbar riga, a zaunar da su a rumfa, su sha lemo, a ɗauki hoto, kafin a tashi sun sulale. Shekara ta zagayo ba su san ma kuna raye ba. Wa zai bar makullin mota ya je ya zauna a rumfa?

Na ce, "A ba Tela. Dama shi zama ya iya, tun safe har dare yana kan keke."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce, "Kai dai Direba ba ka da mutunci." Aka rubuta sunansa.

Makullin nan ba ƙaramin abu ba ne a wajena, kada wani ya ɗauka wasa nake. Tun da na bar tasha ba wanda ke nemana sai mai bin bashin gaisuwa. Da motar ta zo, ƙofar gidana ta koma kamar bakin asibiti. Mutum zai zo da gudu ba ko hula, ya ce Direba taimaka. Matan da ban sani ba suna aiko min da fura. Dattawan da a da sai na durƙusa kafin su amsa gaisuwata, yanzu su ke fara ɗaga min hannu. Ba a biyana ko kwabo. Amma in na ji nauyin makullin a aljihun gaban rigata, na san akwai dalilin da zai sa in tashi da safe.

Zaman farko a ajin Islamiyya aka yi, ranar Asabar bayan la'asar. Na tarar an kawo kujeru masu hannu daga gidan Shugaba, an shimfiɗa wa tebur ƙyalle, ga ruwan gora a gaban kowa. Na ja benci zan zauna kusa da Tela, sai Shugaba ya ce cikin ladabinsa mai sanyi, "Malam Direba, in ba damuwa ka ɗan jira mu a waje. Za mu kira ka."

Na fita na zauna a gindin darbejiya. Ta taga ina hango ƙeyar Tela. Yana gyaɗa kai. Me yake gyaɗa wa kai? Mutumin da in ka ba shi jarida sai ya fara duba hoto.

Da aka kira ni, a tsaye na yi bayani. Ba wanda ya ce in tsaya, amma ba kujerar da ta rage. Hajiya ta tambaye ni da me nake wanke motar bayan na ɗauki mai ciwo. Malam ya tambaya ko ana samun mace ta raka mace. Duk na amsa. Sai Tela ya yi gyaran murya.

"Tayoyin baya fa, yaushe rabon da a duba su?"

Na kalle shi. Na ce, "Tela, tayoyin baya guda nawa ne?"

Ya ce, "Ba ni aka kira ba, kai aka kira."

Shugaba ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Abin haushi, tayoyin sun suɗe da gaske. Ya gan su ne don a gaban shagonsa nake faka motar.

Daga nan na fara gane wace irin kujera na bayar. Waɗannan ba sa sulalewa. Su ke cewa a sayi taya ko kada a saya. Su ke cewa wa za a ɗauka kyauta. Su ne in hukuma ta aiko tambaya za su amsa, su ne kuma, kamar yadda Hajiya ta faɗa min ba kunya ba tsoro, za su iya karɓar makulli su ba wani in sun ga dama. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana.

Tela kuwa ya fara canzawa, ko kuma idona ne ya canza, Allah masani. Ya ɗinka wa kansa babbar riga ruwan toka don ranar zama. Shi da ke cika wa mutane alkawarin Sallah bayan Sallah, tasa rigar a kwana biyu ya gama ta. Samarin layi suka fara ce masa Amintacce. In sun faɗa sai ya ce, "Ku bari mana," amma bakinsa har kunne. Wata rana na ce masa, "To mu da ba a ce wa haka, maciya amana ne?" Ya ce, "Kai ka faɗa."

Ranar Juma'a liman ya yi sanarwa, ya gode wa kwamitin amintattu bisa ɗawainiyar da suke yi wa unguwa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Ina sahu na uku, bayana na ciwo don jiya na ɗauko wani ƙato daga bene. Ba a ambaci direba ba. Aka shafa fatiha, na shafa, amma ban ce amin da ƙarfi ba.

Wanda ya fi ci min rai tafiyar Kaduna ce. Wata babbar ƙungiya ta gayyaci amintattu bita. Na ce to, ni zan kai su, ai hanyar nan ko ido rufe na san ramukanta. Tela ya ce motar ba ta yawon kwamiti ba ce, ta marasa lafiya ce, a motar Shugaba za su tafi. Ya dawo da jaka mai rubutu a jiki, ya rataye ta a shago inda duk mai wucewa zai gani. Mako guda ba shi da labari sai na otal.

"Direba, ɗakin nan sanyi kamar cikin randa. Sai da na nemi bargo."

"Kai da ko fanka ba ka da ita."

"Shi ya sa nake ba ka labari. Kuma shayi kala biyu ne, kai za ka zaɓa."

"Me aka koya muku?"

"An ce amintacce ba ya tuƙi, amma shi ke riƙe da birki."

Na ce, "Motar da birkinta ke hannun fasinja ai sai rami."

A gida ma ban tsira ba. Uwargida ta dawo daga suna ta ce matar Tela ta zo da sabon mayafi, ana ta ce mata matar manya. Ta faɗa ne tana kwashe tuwo, ba ta kalle ni ba. Na ce mata ai ni na ba shi kujerar. Ta ce, "Na sani." Da ta yi faɗa ma ya fi min sauƙi.

Daga bitar nan suka zo da ƙa'ida. Cikin Zariya ni ke da iko, duk inda aka kira in tafi. Amma in za a fita wajen gari, sai amintattu biyu sun yarda da bakinsu. Na ce musu gawa ba ta jiran kwamiti, ana so a rufe mutum kafin rana ta faɗi. Shugaba ya ce shi ya sa aka ce biyu, ba a ce duka ba, kuma ga waya, ga ɗaya daga ciki ma a ƙofar inda motar ke kwana. Yana nufin Tela. Hajiya ta ce motar ɗaya ce, unguwa kuma babba, in ta tafi nesa wani ya faɗi a nan fa? Ban ce ba su da hujja ba. Na dai ce ba su taɓa tsayawa gaban wanda uwarsa ta rasu ba su ce masa jira in nemi izini.

A tsakiyar damina abin ya faru. Da hantsi wani mutum ya zo, manomi ne daga wani ƙauye can gaban Dutsen Abba. Mahaifiyarsa ta cika a asibiti, masu motar haya sun ƙi ɗauka, wani ya kwatanta masa gidana. Ya durƙusa a zaure, mutum mai furfura. Na kira Shugaba, waya a kashe. Na kira Hajiya, ba ta ɗauka ba. Na kira Malam, ya ce, "Inna lillahi. Je ka, Allah ya ba da lada." Ɗaya ke nan. Saura ɗaya.

Na je na tayar da motar. Ga Tela nan a bakin shagonsa yana taka keke, zare a baki. Tsakanina da shi ko tsawon motar bai kai ba. Abin da ya rage kawai in leƙo ta taga in ce, Tela, ka yarda in tafi?

Bakina ya ƙi. Ni da na goya shi a keke muna yara don tsoron karnukan Sabon Gari yake yi. Ni da na raka shi neman aure na yi magana a madadinsa don shi muryarsa rawa take. In nemi izininsa in ja motar da na san kukanta kamar na ɗan cikina? Na danna hon sau biyu, yadda nake yi kullum in zan wuce, irin gaisuwarmu ta direbobi. Ya ɗaga hannu bai ko ɗago kai sosai ba. Na wuce.

Mun kai tsohuwa gida, an yi mata sutura, an rufe ta kafin la'asar. Har gobe ba na nadamar wannan. A hanyar dawowa ne aka yi ruwa. Wani kwari da na wuce lafiya da rana ya cika da laka, motar ta zame, ƙasanta ya bugi dutse, baƙin mai ya tsiyaye. A ƙauyen na kwana, a zauren mai unguwa. Washegari aka nemo tarakta ta jawo ta zuwa titi.

Na dawo na tarar da abin da Hajiya ta faɗa ya faru. Wani dattijo a layinmu, wanda tun farkon ƙungiya yake ba mu aron shebur da diga, ya yanke jiki ya faɗi da yamma. An zo gidana ba ni ba mota. A Keke Napep aka kai shi, ƙafafunsa a waje. Allah ya sa ya tashi. Amma 'ya'yansa sun yi magana, unguwa ta ɗauka, aka kira zaman gaggawa.

Ranar na sa makullin a aljihu na dafe shi da hannu tun daga gida. Na riga na ji labari cewa akwai wani matashi mai lasin da ake tunanin ba wa. A gindin darbejiyar nan na zauna ina lissafin yadda safiya za ta riƙa yi min in ba shi. Ba komai. Zama a dakali da sauraron rediyo.

Aka kira ni. Shugaba ya ce, "Malam ya tabbatar ya ba ka izini. Wane ne na biyu?"

Na kalli Tela cikin rigarsa ruwan toka. Na ce a raina, to ga ranarka ta zo, sai ka rama duk abin da na taɓa faɗa maka.

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Da zai wuce ya yi min hon, na ɗaga masa hannu. Ni a wajena na ba shi."

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Hajiya ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"Malam Tela, ka san inda za shi lokacin da ka ɗaga hannun?"

"Hajiya, na ga alamar sauri yake."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ka san inda za shi?"

"A'a."

"To kai mai sayar da rake ma in ya wuce kana ɗaga masa hannu. Shi ma izini ka ba shi?" Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi. "Ba don ka rufa wa abokinka asiri aka ɗora ka a nan ba. Motar nan ba taka ba ce, ba tasa ba ce, ta dattijon da aka kai a Napep ce. Shi kake wa gadi. In ba za ka iya ce wa abokinka a'a ba, faɗa mana mu nemi wani."

Tela ya ce, "Na ji, Hajiya. Na yi kuskure." Kansa a ƙasa kamar ɗan makaranta.

Aka ce in fita. Sun daɗe. Ta taga ina jin muryar Hajiya tana hawa, ta Malam tana sauka, sai kuma ta Tela, wadda ban taɓa jin ta yi tsawo haka ba. Ban ji abin da yake cewa ba. Da aka sake kirana Shugaba ya ce sun bar min makulli. Ya ce sun duba cewa gawa na ɗauka ba kayan kaina ba, kuma wani daga cikinsu ya tsaya min. Amma in aka sake, ba sai an yi zama ba, in kawo makullin da kaina. Shi kuma Tela an ja masa kunne a gaban kowa.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma kafin in kai gida murnar ta gushe. Da Tela ya kayar da ni, da na samu abin riƙewa, in ce ga butulci. Sai ya cece ni. Da magana ɗaya, yana zaune, ya yi abin da duk gumin da na zubar a motar nan bai iya yi min ba. Wannan shi ne ikon da na miƙa masa ina dariya.

Kuma labarin ya fita. A majalisar mai shayi aka ce Tela ɗan halak ne, ya ɗauki faɗan Hajiya saboda abota. Hatta 'ya'yan dattijon nan suka ce ai Tela mutum ne. Uwargida ta yi dambu ta zuba a babbar kula ta aika gidansa. Ni ranar ɗumame na ci. Ta ce, "Ba za ka je ka yi masa godiya ba?" Na ce zan je. Na yi ta cewa zan je.

Bayan an gyara motar, aka zo da wata bukata. Wata tsohuwa ce aka sallama daga asibiti, ba ta iya zama a motar haya, za a mai da ita ƙauyensu a hanyar Kano. Na kira Malam ya yarda. Na kira Shugaba, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na duba lambar Hajiya, na tuna tabarau ɗin nan, na mai da wayar aljihu.

Na tsallaka na tsaya a bakin shagon. Na yi sallama. Ya amsa bai daina taka keke ba, sai da ya kai ƙarshen ɗinkin, ya yanke zare da haƙori.

"Direba. Lafiya?"

"Zan fita wajen gari."

"To?"

"To me? Ka ji ai."

"Ban ji tambaya ba."

Na ce, "Ka yarda?"

Ya ajiye ɗinkin. Ya tambaye ni sunan ƙauyen. Ya tambaya kwalta ce har can ko akwai burji. Ya tambaya wa zai raka tsohuwar, kuma in wani abu ya taso a unguwa kafin in dawo wa za a kira. Duk na amsa, ina tsaye, samari biyu masu jiran ɗinki suna kallonmu suna danne dariya. Ya gyaɗa kai kamar alƙali.

"Je ka. Ka dawo kafin magariba."

Na juya zan tafi, sai ya ce, "Direba."

"Mene ne kuma?"

"Raken wajen nan yana da kyau. In ka ga mai kauri ka taho min da sanda ɗaya."

Na kai tsohuwa lafiya. A hanyar dawowa na tsaya na zaɓi sanda mai kauri, wadda ta fi duk na wurin. Na sa mai raken ya raba ta biyu. Gindin, inda zaƙin yake, na shanye shi a mota kafin in shigo gari. Saman na kai masa.

Ya juya shi a hannu, ya duba inda aka yanke, ya kalle ni.

"Ina sauran?"

Na ce, "Kwamiti bai ce duka ba."